Rigar sarauta a zangon Chenqiao: tilas aka yi wa Zhao Kuangyin ko shiri ne?

Malam Bashir:
Assalamu alaikum. Jama'a, ina so mu zauna a kan abin da ya faru a zangon Chenqiao a farkon Fabrairun 960, domin a nan daular Song ta ƙasar Sin ta samo asali. Ga yadda marubutan fada suka ajiye labarin. Sarki Chai Rong na daular Zhou ta Baya ya rasu a 959 bai cika shekara arba'in ba, ya bar yaro ɗan shekara bakwai a kan gado. Ranar farko ta sabuwar shekararsu sai saƙo ya iso Kaifeng, babban birni, daga garuruwan iyaka biyu, Zhenzhou da Dingzhou, cewa Khitan, maƙwabtan arewa masu daular Liao, sun haɗa kai da ƙasar Han ta Arewa sun taso. Manyan wazirai, Fan Zhi da Wang Pu, suka tura Zhao Kuangyin, shugaban rundunar fada. Rana ta uku ya fita, ya yada zango a Chenqiao, kimanin kilomita 20 arewa maso gabas da birni. Da dare ya sha giya ya kwanta. Gari bai gama wayewa ba hafsoshi suka taru a ƙofarsa da takubba zare, suka yafa masa rigar sarauta ruwan ɗorawa, suka zube suka yi gaisuwa. Aka ce ya ƙi, suka nace, ya karɓa bisa sharaɗi. To tilas ce ko shiri? Kuma me ya sa wannan bore ya haifi daular da ta haura shekara 300, alhali daga 907 zuwa 960 dauloli biyar aka yi a arewacin ƙasar, kowace na ture ta gabanta?

Dakta Rabi:
Wa alaikumus salam, Malam. Shiri ne, kuma ba a daren aka fara shi ba. A duba wanda ke riƙe da me a wata shidan da suka biyo bayan rasuwar Chai Rong. Sojan birni kashi biyu ne a lokacin, rundunar fada da rundunar dogarai. Ta fada dama tana hannun Zhao, tun da Chai Rong yana kan gadon ciwo ya sauke Zhang Yongde, surukin gidan sarauta, ya naɗa shi. Mataimakinsa Murong Yanzhao amininsa ne, Shi Shouxin da Wang Shenqi da ke ƙasansu kuwa 'yan'uwansa ne na rantsuwa. Ta dogarai ce matsala, don shugabanta Li Chongjin ɗan 'yar'uwar Guo Wei ne, wanda ya kafa daular. Sai aka tura shi Yangzhou can kudu, sarautar tana wuyansa amma sojan na Kaifeng. Mahaya aka ba Gao Huaide, dakaru aka ba Zhang Lingduo, dukansu masu ɗasawa da Zhao. Babban hafsa guda ya rage a birni wanda ba nasa ba, Han Tong.

Sannan rigar. Ba kayan da ake tafiya yaƙi da shi ba ne, wanda aka kama da ita a jakarsa ya gama yawo, amma da asuba ga ta a zango. Da aka dawo fada aka rasa takardar murabus, sai magatakarda Tao Gu ya zaro ta daga hannun rigarsa, rubutacciya. Abin da ya fi ƙarfi a wurina shi ne rundunar ba ta ƙara nufar arewa ba, kuma tarihin daular Liao, wato Khitan ɗin, bai nuna sun kawo wani babban hari a wannan wata ba. Mutanen kasuwa ma sun sani. Tun kafin a fita ana ta raɗe-raɗin cewa ranar tashi za a naɗa shugaban rundunar fada sarki, har wasu suka fara kwashe iyali. Cikin fada ne kawai labarin bai shiga ba.

Alhaji Sule:
Dakta, hujjojinki na nan daram, ban musa ko ɗaya ba. Inda zan ja da ke shi ne kada a ɗauka maganar tilas ƙirƙira ce kawai ta marubuta. A rundunonin wannan zamani ana yi wa janar tilas da gaske, shi ya sa labarin ya karɓu.

A 926 sojan Weibo suna dawowa daga tsaron iyaka aka hana su shiga gida, aka ce su tsaya a Beizhou. Wani ƙaramin soja, Huangfu Hui, ya tayar da su. Suka ce wa kwamandansu Yang Renzheng ya jagorance su, ya ƙi, suka sare shi. Suka nufi wani ƙaramin hafsa, ya ƙi, suka sare shi. Suka kamo Zhao Zaili yana ƙoƙarin tsallake katanga, suka nuna masa kawuna biyu, ya amsa. Sarki ya tura Li Siyuan ya murƙushe su, shi ma sojansa suka yi masa bore a bakin birni suka haɗa shi da 'yan tawayen. Ƙarshenta shi ya hau gado.

Lissafin soja a fili yake. Sabon sarki dole ya raba tukuici, kuma wanda ya ɗora shi ya fi kowa samu. Abin da ake faɗa a Chenqiao ke nan: sarki yaro ne, in mun zubar da jini wa zai san mun yi? Bayan haka, da zarar an furta maganar a bainar jama'a ta zama cin amanar sarki, hukuncinta kisa har da iyali, saboda haka babu komawa. Janar ɗin da ya ƙi ya zama shaida a kansu, dole su kawar da shi. Don haka ni ina ganin Zhao Pu, magatakardan Zhao Kuangyin, da Zhao Kuangyi, ƙanen Zhao Kuangyin, sun shirya, amma sun shirya ne da abin da dama yana tafasa. Da Zhao Kuangyin ya ƙi, da wani za a yafa wa.

Nura:
Iyayena, a gafarce ni. To ina biyayya ta shiga? Waɗannan mutane sun ci abincin Chai Rong, shi ya gina rundunar da hannunsa bayan yaƙin Gaoping a 954, inda ya kashe hafsoshi sama da saba'in da suka gudu. Wata shida kawai da rasuwarsa su juya wa ɗansa baya?

Malama Hadiza:
Nura, abin da ka faɗa shi ne amsar. Biyayyarsu ga Chai Rong ce, mutumin da ke fita da su, yana ganin wanda ya tsaya da wanda ya gudu, yana biya nan take. Kuma wa ya ba aikin tace sojan bayan Gaoping? Zhao Kuangyin. Shi ya zaɓo su ɗaya-ɗaya.

Waɗannan ba manoma ba ne da ake kira yaƙi su koma gona. Tun tsakiyar daular Tang soja ya zama sana'a, iyalinsa na cin abin da aka ba shi. Albashin yau da kullum hatsi ne da tufafin bazara da na hunturu da 'yan kuɗi, ba ya wuce ciki. Abin da ke gina gida shi ne tukuicin tashi yaƙi, na nasara, da na hawan sabon sarki. In aka taɓa wannan an taɓa komai.

A dubi 783. Sarki Dezong na daular Tang ya kira soja 5,000 daga Jingyuan ƙarƙashin Yao Lingyan su je su ceci Xiangcheng. Suka biyo ta Chang'an, babban birnin Tang, cikin ruwan sama da sanyi, da yawansu sun taho da 'ya'ya da ƙanne don su koma gida da tukuicin da suke sa rai. Ba a ba su komai ba. Da suka isa bakin kogin Chan, hakimin birni Wang Hong ya aiko musu da shinkafa marar gyara da ganye. Suka yi fatali da akusan, suka ce za mu je mu mutu amma ko ƙoshi ba a ba mu ba, alhali rumbunan sarki biyu, Qionglin da Daying, cike suke. Suka juyo. Sarki ya aika a ba kowa turmi biyu na yadi, suka harbi manzon. Ya sa a fito da amalanke ashirin na zinariya da siliki, amma sun riga sun shigo birni. A titi suna ce wa talakawa kada ku ji tsoro, ba za mu karɓi harajin ɗaki da na ciniki ba, wato sababbin harajin da Dezong ya ƙaƙaba don yaƙi. Nan take suka sami 'yan kallo maimakon masu tare hanya.

Kuskuren a jere yake: an biyo da mayunwacin soja ta gaban baitulmali, an hana a lokacin da kaɗan zai isa, an miƙa da yawa a lokacin da suka ga za su iya ɗaukar duka.

Wanda ya yi alƙawarin da ya fi aljihunsa shi ma bai tsira ba. Li Congke a 934 ya ce duk sojan da ya kai shi Luoyang zai sami igiya 100 ta kuɗin tagulla. Ya tarar da baitulmali kusan wayam, aka matsa wa mutanen birni har gidajen yari suka cika, duk da haka abin da ya kai hannun sojan da suka bi shi igiya 20 ne. Shekara biyu ya yi a kan gado.

Baba Iro:
Hadiza ta tsallake abin da ya fi ba ni takaici a 783. Da Dezong ya kira rundunar Shence ta kare fada, ba wanda ya zo. Bai Zhizhen da ke riƙe da rajista ya cika ta da sunayen 'yan kasuwa da suka ba shi toshiya, suna cikin littafi suna kuma rumfunansu. Sarki ya fita ta ƙofar arewa zuwa Fengtian, waɗanda suka fara rufa masa baya babanni ne, wato dandaƙaƙƙun bayin fada, kamar ɗari, Dou Wenchang da Huo Xianming na gaba. 'Yan bore suka ɗauko Zhu Ci, tsohon kwamandansu da ke zaune a birni ba aiki, ya naɗa kansa. Sai a 784 Li Sheng ya ƙwato Chang'an.

Abin da Dezong ya ɗauka daga nan shi ne janar ba amana, farar hula ba amana, baba ne kawai ba zai nemi gado ba tunda ba ya haihuwa. A 796 ya ƙirƙiri muƙamai biyu na shugabancin Shence ta hagu da ta dama ya ba waɗannan mutum biyu. Gaskiya ne baba bai hau gado ba. Amma ya zama shi ke zaɓen mai hawa. Xianzong ya mutu a 820 ana zargin baba Chen Hongzhi, Jingzong babanni suka kashe shi, kuma a 835 da sarki Wenzong ya ƙulla da Li Xun a hallaka su, baba Qiu Shiliang ya hango makamai a bayan labule, ya koma ya sungumi sarki zuwa cikin gida, ya saki Shence a kan ma'aikatun gwamnati. Sama da mutum dubu suka mutu, har da wazirai huɗu.

Saboda haka ni abin da nake dubawa a kowane irin wannan rikici shi ne wa ke riƙe da ƙofa da jikin sarki. A Chenqiao tun cikin dare aka tura mahayi ga Shi Shouxin da Wang Shenqi. Da babu su, runduna za ta tsaya bayan ganuwa, iyalan sojan kuma suna ciki a hannun Han Tong. Kwana biyu a haka sai zango ya watse.

Dakta Rabi:
Haka ne, Baba. Yanzu ga rabi na biyu na tambayar Malam Bashir, abin da ya bambanta 960. Zhao ya ga yadda aka yi a 950 da idonsa, don yana cikin mutanen Guo Wei. Shi Guo Wei, bayan sarkin Han ta Baya ya kashe masa iyali, ya yarda a yi wa soja alƙawarin wasoson Kaifeng na kwana goma. Suka shiga suka yi ta ɗiba da ƙone-ƙone har sai da aka tsayar da su da takobi. Bayan nan aka ce Khitan sun taso, ya fita, a Chanzhou soja suka yage tuta ruwan ɗorawa suka yafa masa. Tsarin ɗaya ne sak, har labarin Khitan.

Abin da Zhao ya cire shi ne wasoso. Sharaɗinsa kafin ya juya kan doki: ba a taɓa yaron da sarauniya matar marigayi, ba a wulaƙanta wazirai, ba a fasa baitulmali ko kasuwa, mai bi zai sami lada, mai saɓawa a kashe shi da iyalinsa. Tukuicin ya fito daga hannunsa ke nan, ba daga hannun soja ba. Wazirai kuma ya bar su a kujerunsu. An ce da labari ya iso, Fan Zhi ya damƙi hannun Wang Pu har farcensa ya kusa fitar da jini, yana cewa gaggawar tura janar laifinmu ne. Da aka kawo su gaban Zhao, hafsa Luo Yangui ya dafa takobi, Wang Pu ya fara durƙusawa, Fan Zhi ya bi. Washegari hatimi da takardu na tafiya kamar jiya, gwamnonin larduna ba su sami abin fakewa ba.

Han Tong kaɗai ya yi yunƙuri. Ya fito daga fada a guje zai tara soja, Wang Yansheng ya bi shi har gida ya kashe shi da iyalinsa. Zhao ya yi masa jana'izar girma da ƙarin sarauta, Wang Yansheng kuwa har ya mutu bai sami gwamnan soja ba. Masu tawaye biyu da suka biyo baya sun faɗi ne don ba su tashi tare ba. Li Yun ya tashi a Luzhou a wata na huɗu, ya ƙone kansa a Zezhou a na shida. Li Chongjin ya aika Zhai Shouxun ya ƙulla da shi, manzon ya zarce wurin Zhao, aka ce ya koma ya lallashi ubangidansa ya jinkirta. Ya tashi a wata na tara shi kaɗai, a na goma sha ɗaya Yangzhou ta faɗi.

Malam Bashir:
Sai kuma 961, da ya tara su Shi Shouxin kan giya ya ce in an yafa muku rigar ku ma ba za ku iya ƙi ba. Wasu masana na shakkar liyafar kanta, don littattafan farko ba su kawo ta dalla-dalla ba, amma sauke su ɗin ya tabbata. An ba su larduna da dukiya, aka ɗaure da aure: Gao Huaide ya auri 'yar'uwar sarki, 'ya'yan Shi Shouxin da Wang Shenqi suka auri 'ya'yansa. Kujerar da shi ya hau ta kanta, ta shugaban rundunar fada, daga 961 ba a ƙara naɗa kowa a kai ba. Sojan birni ya koma hannun ofis uku, na fada, na mahaya, na dakaru, kowane da hafsa mai matsakaicin girma. Su ke riƙe da soja amma ba su da ikon motsa shi. Majalisar harkokin soja ke ba da umarnin tashi amma ba ta da ko mutum ɗaya. Wanda zai ja yaƙi kuma daban ake naɗa shi, in an gama ya miƙa. Aka riƙa juya bataliyoyi tsakanin birni da iyaka don kada su saba da janar guda, aka kwaso ƙarfafan sojan larduna zuwa Kaifeng, rarar haraji ma ta koma can.

Alhaji Sule:
Kuma an biya farashi. Janar ya isa filin daga da sojan da bai san sunan hafsoshinsu ba. Sarki Taizong, wato Zhao Kuangyi da ya gaji wansa, har zanen jeren yaƙi yake aikawa daga fada. Tunda ana tsoron sallamar soja, yawansu ya tashi daga 378,000 a zamanin Zhao zuwa 1,259,000 a shekarun 1040, mafi yawan kuɗin shiga na tafiya can, amma tun 1005 ana ba Khitan azurfa 100,000 a ma'auninsu da turmin siliki 200,000 duk shekara. Di Qing, wanda ya taso daga ƙaramin soja da tambari a fuska, ya kai shugaban majalisar soja a 1053, a 1056 aka sauke shi ba da wani laifi ba sai don soja na son sa.

Malama Hadiza:
Alhaji, akwai ramin da duk wannan gini bai toshe ba, shi ne gado. Zhao bai taɓa naɗa yarima mai jiran gado ba, ga 'ya'ya biyu, Dezhao da Defang. Ƙanensa kuwa yana riƙe da birnin Kaifeng tun 961, kuma a wancan zamani ɗan gidan sarauta mai riƙe da birni shi ake kallo a matsayin magaji. A Nuwamban 976 sarki ya rasu cikin dare. Yadda marubucin tarihi Sima Guang ya kawo, sarauniya ta aiki baba Wang Ji'en ya kira Defang, sai ya wuce gidan ƙanen. Wanda ya fara shiga fada shi ya hau. Bai ma jira shekara ta ƙare ba ya sauya sunan zamani, abin da al'ada ba ta yarda da shi ba. Wasiyyar da aka ce uwarsu ta bari, cewa gado ya bi ƙanne don kada yaro ya sake hawa, sai a 981 Zhao Pu ya fito da ita, shekara ashirin da rasuwarta.

Nura, ga inda soja da gado suka sake haɗuwa. A 979, bayan an ci Han ta Arewa a Taiyuan, Taizong ya zarce da gajiyayyen soja kan Khitan ba tare da ya raba ladan Taiyuan ba. Aka fatattake su a kogin Gaoliang, ya tsere a amalanken jaki da raunin kibiya. Cikin dare da aka rasa inda yake, wasu hafsoshi suka fara maganar ɗora Dezhao. Ba a yi ba, amma ya ji. Da aka koma gida ya riƙe ladan. Dezhao ya je ya tuna masa, ya amsa da fushi cewa ka bari in ka zama sarki ka ba su. Dezhao ya koma ya yanka kansa. Defang ya rasu a 981 yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ƙanen Taizong, Tingmei, aka kore shi zuwa Fangzhou ya mutu a 984. Maganar da Dezhao ya kai daidai ce, bashin soja ne kuma ya kamata a biya. Sai dai daga bakin wanda soja suka ambata ta fito.

Nura:
To bayan haka an sake yi wa sarkin Song bore a fadarsa?

Baba Iro:
An yi, a 1129, lokacin da Jurchen, mahara daga arewa maso gabas, suka rusa tsarin duka kuma soja ya koma bin janar. A Hangzhou, Miao Fu da Liu Zhengyan, masu tsaron sarki Gaozong, suka fusata da ɗaukaka janar Wang Yuan da rashin mutuncin babanni. Suka kashe Wang Yuan, suka sa aka miƙo musu baba Kang Lü, suka tilasta wa sarki ya sauka ya ba jaririn ɗansa. Sun riƙe ƙofa da jikin sarki, amma ba su da kowa a cikin manyan rundunonin da ke waje, ba su kuma da ɗan takara babba. Manyan farar hula Lü Yihao da Zhang Jun suka tara janar Han Shizhong da janar Liu Guangshi, cikin wata guda Gaozong ya koma. Yaron ya rasu a shekarar, sarki bai ƙara haihuwa ba.

Dakta Rabi:
Da wannan ya kamata a karanta abin da ya sami Yue Fei, ɗaya daga manyan janar na Gaozong. A 1137 aka fasa ba shi rundunar Liu Guangshi, ya yi fushi ya bar sansani ba izini. Aka ɗora farar hula Lü Zhi a kan rundunar, Li Qiong ya kashe shi ya tsallaka wurin abokan gaba da soja 40,000. A wannan shekarar dai Yue Fei ya shiga ya ba sarki shawarar ya tsayar da magaji, sarki ya gaya masa cewa mai riƙe da runduna a waje ba huruminsa ba ne. Ban ga alamar Yue Fei ya nufi gado ba, kuma kisansa zalunci ne. Amma a idon mutumin da dogaransa suka taɓa saukewa, janar mai runduna da ake kira da sunan gidansa, yana kuma maganar magaji, ya taka wurin da Dezhao ya taka. A 1141 aka kira shi da Han Shizhong da janar Zhang Jun (daban da farar hula Zhang Jun) aka ba su kujeru a majalisar soja, wato aka raba su da sojansu ta hanyar ƙarin girma, kamar 961. Han Shizhong ya ajiye aiki ya rufe ƙofarsa, ya daina karɓar tsofaffin hafsoshinsa, ya mutu a gadonsa a 1151. Yue Fei aka kashe shi a kurkuku a Janairun 1142.